Tambayoyi da Amsoshi Kan Kiwon Tumaki: Abin da Bincike Ya Gano Game da Cuta, Iri da Makiyaya

Waɗannan tambayoyi su ne masu kiwo suka fi yi mini, a bakin kara, a zaure, wani lokaci ma ta waya da tsakar dare idan rago ya kwanta ya ƙi tashi. Ni ma ina kiwo, ko da yake tumakina ba su da yawa, kuma na daɗe ina bibiyar abin da masu bincike suke ganowa. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin asarar da muke tafkawa an san yadda za a kauce mata tun shekaru aru-aru, kuma hanyar ba ta da tsada. Idan dabba ta kwanta a nemi likita. Amsoshin nan don kar a kai ga kwanciyar ne.

Wai da gaske akwai masu zama su yi bincike a kan tunkiya?

Akwai su, kuma ba a nesa suke ba. A Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A 1928 aka kafa ta a matsayin gonar dabbobi, daga baya ta zama cibiyar bincike ta ƙasa. A Vom ta jihar Filato akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi, tana can tun 1924, kuma ita ce ke haɗa yawancin alluran rigakafin dabbobi na Nijeriya. A Nijar akwai ɗakin gwaji na LABOCEL a Yamai, da tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, inda aka yi gwaje-gwaje kan turke raguna da harawa da dusar gero.

Aikinsu ba wani abin al'ajabi ba ne, haƙuri ne da rubutu. Su ɗora ɗan tunkiya a sikeli ranar da aka haife shi, su sake awo duk bayan mako biyu. Su ɗebi kashin tumaki su ƙirga ƙwayayen tsutsa a ƙarƙashin madubin likita. Su yi sammakon zuwa mayanka su duba hanta da tumbi ɗaya bayan ɗaya. Abin da makiyayi yake zato, su sai sun ƙirga sun tabbatar. Sau da yawa zaton makiyayin ne yake fitowa gaskiya, wani lokaci kuma akasin haka.

Wace cuta ce ke shiga garke da majina da zawo ta kwashe 'yan tumaki rututu?

Mafi yawan lokuta ita ce wadda likitoci ke kira PPR. Tana farawa da zazzaɓi mai zafi, dabba ta yi lakwas ta daina cin abinci, ido da hanci su yi ta zuba har majinar ta bushe ta toshe hanci. Sai gyambo ya fito a dasashi da leɓe, baki ya yi wari, zawo ya biyo baya, numfashi ya yi wuya. A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. Ta fi yi wa awaki illa, amma ba ta ƙyale tumaki ba.

A 1942 aka fara bayyana ta, a ƙasar Kwadebuwa. 'Yar'uwar bushiya ce, annobar da ta taɓa share shanun Afirka, wadda aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 2011. A 2015, a wani taro a Abijan, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ɗaura aniyar kawar da PPR ita ma zuwa 2030.

Ga abin da ya kamata ya taɓa zuciyar kowane mai kiwo a nan: allurar rigakafin da ƙasashe da yawa suke amfani da ita, daga ƙwayar cutar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka yi ta, har sunanta ma Nijeriya 75/1 ne. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara 3. Ana yi wa 'yan tumaki da zarar sun kai wata 3 zuwa 4. Duk da haka kowace shekara muna binne tumaki saboda ita.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara, saura mako uku Babbar Sallah, na sayo wani rago a kara, fari tas, idonsa garau, yana cin harawa a hannun dillali. Da yamma na kwance igiyarsa na sake shi cikin nawa. Kwana biyar ya fara atishawa. Kafin mako biyu ya cika na rasa 'yan tumaki huɗu, ciki har da wata 'yar Uda da 'yata ta sa wa suna, take ba ta ruwa da hannunta. Ragon ya warke, ƙananan ne suka tafi. Cutar tana iya yin kwana 4 zuwa 6 a jiki kafin ta nuna, don haka lafiyar da ka gani a kasuwa ba shaida ba ce. Tun daga ranar, duk dabbar da ta shigo gidana sai ta yi mako uku zuwa huɗu a turkenta ita kaɗai, da kwanon ruwanta daban.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar. Farar allura ko baƙar allura da ake yi suna taimakawa ne wajen ciwon huhu da ke biyo baya, shi ke nan.

Na yi musu rigakafi amma suka kamu. Allurar ce ta jabu?

Ba lallai ba ne. Allurar PPR mai rai ce, zafi yana kashe ta. Dole ta zauna cikin sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa bakin garke, kuma idan aka haɗa ta da ruwanta sai a ƙarar da ita cikin awa biyu. Wanda ya zo maka da kwalba a aljihun riga da tsakar rana a watan Afrilu, ruwa kawai zai tsira wa tumakinka. Ka tambaye shi kula da ƙanƙara. Kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, shi ya sa ya fi kyau 'yan unguwa su haɗa kai su kira malamin dabbobi rana guda. Sannan idan dabba ta riga ta ɗauki cutar kafin allura, rigakafi ba zai cece ta ba.

Me ya sa tumaki ke ramewa da damina, alhali ga ciyawa ko'ina?

Wannan aikin tsutsar ciki ce, musamman wata siririya mai suna Hemonkus, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. A sashe na huɗu na cikin tunkiya take zama, na ƙarshe kafin hanji, tana tsotsar jini. Idan ka taɓa tsayawa kusa da mahauci ka ga wasu zarurruka masu ratsin ja da fari suna motsi a wannan sashe, su ne. Macen tana zuba ƙwai dubbai a rana. Tsutsa ɗaya jinin da take sha bai kai ɗigo biyu ba a yini, amma idan suka kai dubu biyu ko uku, jinin ɗan tunkiya ba ya jurewa.

Ƙwayayen suna fita tare da kashi. Idan akwai ɗumi da laima, cikin ƙasa da mako guda sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan tsutsotsin da ke hawa ganyen ciyawa ta cikin raɓa. Yawancinsu ba sa wuce tsawon yatsa daga ƙasa. Tunkiya kuwa ƙasa-ƙasa take kiwo, shi ya sa ta fi akuya kwasa idan akuyar ta samu ganyen itace. Bayan kamar mako uku da haɗiye su, sun girma sun fara zuba nasu ƙwan.

Tambayar da ta daɗe tana ɗaure wa masana kai ita ce: a ƙasar da ake wata shida ko bakwai ba ruwa, rana ta ƙone komai, ta ina tsutsar ke dawowa da faɗuwar damina? Binciken da aka yi a Zariya ya taimaka wajen warware wannan. Tsutsotsin da dabba ta haɗiya a ƙarshen damina ba sa girma, sai su lafe a jikin bangon cikinta su yi kwanton rani, har bazara ta gabato su farka. Wato a cikin tumakinmu take shan rani, ba a daji ba.

Alamun da za ka lura da su: kasala, tsayawa a bayan garke, kumburi mai taushi a ƙarƙashin haɓa, da ido fari fat. Wannan tsutsa ba kasafai take sa zawo ba, don haka kar ka jira zawo.

To sai na riƙa ɗura wa duk garken maganin tsutsa kowane wata?

A'a. Da can haka ake koyarwa, amma bincike ya nuna wannan ɗabi'ar ce ta haifar da tsutsotsin da ba sa jin magani. Duk lokacin da ka ba garke gaba ɗaya, masu rauni sun mutu, masu taurin rai sun rage, su ne kuma za su hayayyafa. An kuma gano cewa dabbobi kaɗan ne a cikin garke ke ɗauke da mafi yawan tsutsar. Sauran suna iya riƙe kansu.

A Afirka ta Kudu, inda matsalar ta yi ƙamari, masana suka fito da wata hanya mai suna FAMACHA, daga sunan likitan dabbobi Faffa Malan. Kati ne mai launi biyar, daga ja jawur zuwa fari fat. Sai ka fito da dabba cikin hasken rana, ka danne fatar ido ta sama da babban yatsa, ka ja ta ƙasa, ka dubi launin naman da ya fito. Mai ja ka ƙyale ta. Mai fari-fari ko fari ka ba ta magani nan take. Ta tsakiya ka ba ta idan ƙarama ce, ko mai ciki, ko mai shayarwa. Da damina a duba duk mako biyu zuwa uku. Tsofaffin makiyayanmu da dillalai sun daɗe suna buɗe idon dabba kafin su yi ciniki, abin da masana suka ƙara shi ne ma'auni da tsari.

Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba. Tunkiyar da kullum ita ce mai farin ido, kullum ita ke cin magani, ka sa mata alama. Jure wa tsutsa abu ne da ake gada. An tabbatar da haka a Kenya, inda jajayen tumakin Masai suka nuna sun fi tumakin da aka shigo da su juriya nesa ba kusa ba. Tunkiyar da ka sa wa alama ita ce ta sayarwa, ba ta ajiye iri ba.

Ta yaya zan san maganin da nake sayowa yana aiki?

A kai kashin dabbobi ɗakin gwaji ranar da aka ba su magani, a sake kaiwa bayan kwana 10 zuwa 14. Idan ƙwayayen tsutsa ba su ragu da kashi 95 cikin 100 ba, akwai matsala: ko tsutsar ta saba da maganin, ko maganin ba na ƙwarai ba ne, ko ba a ba da isasshe ba. Na ƙarshen nan ya fi yawa a wurinmu, domin da ido muke ƙiyasta nauyi, sai a raba ƙwaya ɗaya ga raguna biyu. Canza sunan kamfani ba canza magani ba ne, ka duba sunan sinadarin: albendazol, lebamizol da ibamektin gida uku ne daban-daban. Kuma kar a ba tunkiya albendazol a watan farko na cikinta.

Kiwo a fadama da rani yana da illa?

Yana da ita, ciwon hanta. Tsutsar hanta mai faɗi kamar ganye sai ta bi ta jikin wata 'yar katantanwar ruwa kafin ta maƙale a ciyawar bakin tafki ko rafi. Ita ma tana sa farin ido da kumburin haɓa, amma ibamektin ba ya taɓa ta. Idan tumakinka na fadama ne kuma maganin tsutsa bai ɗaga su ba, ka gaya wa likita inda suke kiwo, akwai magani na musamman kamar tiriklabendazol.

Wane iri ya fi: 'Yankasa, Uda ko Balami?

Ya danganta da inda kake da abin da za ka iya ciyarwa. 'Yankasa ita ce mafi yawa a Nijeriya, fara mai baƙi a kewayen ido da kunne da baki, matsakaiciya, ba ta da tsirfa wajen abinci, tana jure laima fiye da sauran biyun. Uda doguwa ce mai dogon kunne, gabanta baƙi ko ja, bayanta fari, an halicce ta don doguwar tafiya a busasshiyar ƙasa. Balami ta fi su girma, fara ce mai gantsararren hanci, asalinta yankin Borno, kuma ita masu turke suka fi so. A Nijar akwai Bali-bali da Ara-ara, da kuma Kundum mai gashi ta bakin kogin Kwara wajen Tilaberi, wadda yawanta ke raguwa. A kudu akwai gajerun tumaki masu jure wa sammore.

Kowane iri ƙasarsa ce ta sassaƙa shi. Ka kai Uda inda ruwa ya yi yawa, ka ɗaure ta a caɓi, kofato da tsutsa za su gama da ita. Ina ganin yadda matasa ke zuba kuɗi a manyan raguna na Sudan, ko su yi ta kallon hotunan ragunan Ladum na Senigal a waya. Ba laifi ba ne, amma babban jiki babban ciki ne. A ra'ayina wanda bai tanadi harawar da za ta kai shi damina ba, 'Yankasa mai kyau ta fi masa.

Ba ni da kuɗin sayen babban rago. Zan iya inganta irin nawa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan ne muke cutar kanmu ba mu sani ba. Dubi abin da ke faruwa kowace shekara. Ɗan ragon da ya fi saurin girma, shi ake fara turkewa, shi ake kaiwa kasuwa ko a yanka da layya. Wa ya rage a gida yana barbarar tumaki? Tsumburarren da ba wanda ya taya. Shekara goma ana haka, sai mu ce iri ya lalace. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mu mun sayar da barewar tun kafin ta haihu. Rago ɗaya yana iya barbarar tumaki 25 zuwa 30, don haka rabin jinin duk 'ya'yan shekara daga gare shi yake.

A Habasha an gwada mafita tun daga 2009, a yankunan Bonga, Horro da Menz, tare da cibiyoyin binciken noma da kiwo na duniya, ICARDA da ILRI. Ba a shigo da baƙon iri ba. Mutanen ƙauye suka haɗa tumakinsu kamar garke ɗaya, aka sa wa kowace lamba a kunne, aka ɗauki wani ɗan gari yana auna 'yan tumaki yana rubutawa. Idan 'yan raguna suka kai wata shida, sai a tara su a fili, a duba littafi, jama'a kuma su duba da idonsu, a zaɓi na gaba-gaba. Ƙungiya ce ke sayen waɗanda aka zaɓa daga asusunta, don kar talauci ya sa mai shi ya kai kasuwa. Sauran a dandaƙe su a turke. Ragunan iri kuma a riƙa musayarsu tsakanin unguwanni. Girman 'ya'ya ya ƙaru a hankali, kuɗin shiga ya ƙaru, har wasu ƙauyukan suka koma sayar wa maƙwabta ragunan iri.

Babu abin da ke cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin ƙauyukanmu. Muna da adashe, muna da gayya, mata masu kiwon gida kuwa sun san tarihin kowace tunkiya har kakarta. Abin da ya rage shi ne sikeli, littafi, da yarda cewa ragon da ya fi kyau sai ya bar 'ya'ya kafin ya ga wuƙa. Kuma kar rago ya wuce shekara biyu a garke ɗaya, don kar ya dawo kan 'ya'yansa. Barbarar jini ɗaya tana kawo 'ya'ya raunana.

Ana iya sa tunkiya ta riƙa haihuwar tagwaye?

Akwai gado a ciki, akwai kuma abinci. Masana a Ostireliya da Niyuzilan sun gano wata ƙwayar gado guda ɗaya mai ƙara yawan 'ya'ya a wani garke mai suna Burula, daga baya aka bi sawunta har zuwa ƙananan tumakin Garole na yankin Bengal a Indiya. Abin da ke hannunka dai shi ne ka ajiye 'ya'yan masu haihuwar tagwaye, ka kuma ƙara wa tunkiya abinci mako biyu zuwa uku kafin barbara. Amma tagwaye ga uwar da ba ta ƙoshi ba asara biyu ce.

Tumakinmu ba su da lokacin barbara na musamman kamar na Turai, duk shekara suna ɗaukar ciki. Tunkiya tana neman rago duk bayan kamar kwana 17, cikinta wata biyar ne. Da kulawa mai kyau za ta haihu sau uku a shekara biyu. Budurwar tunkiya kuwa a bar ta ta kai kashi biyu cikin uku na girman uwarta tukuna.

Me ke kashe 'yan tumaki a makon farko?

Yunwa, sanyi da ƙazanta. Yawancin girman ɗan tayi a mako shida na ƙarshe yake, don haka uwar da ta sha wuya a wannan lokaci za ta haifi ƙaramin ɗa, nononta kuma ba ruwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne rigakafin ɗan tunkiya, kuma hanjinsa yana iya ɗaukar amfaninsa ne sosai a awannin farko kawai, bayan yini guda ƙofar ta rufe. Ka tabbata ya sha, ko da za ka riƙe uwar ka sa masa nonon a baki. A tsoma cibiya a aidin. Da hunturu a kare su daga iska da buhu ko zana.

Idan tunkiya ta yi ɓari, a binne ɗan da mahaifar da zurfi, a ware ta, a wanke hannu da sabulu. Wasu cututtukan ɓari suna kama mutum. Hajiya, idan kina da juna biyu, ki bar wa wani wannan aikin.

Ina turke ragon layya. Dusa nawa zan ba shi?

Ba iyakar abin da zai iya ci ba. Tumbin rago an yi shi ne don ciyawa, kuma ƙananan halittun da ke narka abinci a cikinsa suna buƙatar kamar mako biyu kafin su saba da sabon abinci. Ragon da ya zo daga daji aka cika masa kwano da tsaki ko ragowar tuwo rana ɗaya, cikinsa zai yi tsami, ya kumbura, ya daina tuƙa, yana iya mutuwa kafin gari ya waye. A fara da kaɗan, a ƙara sannu a hankali, harawa ko ingirici kuma kar su yanke a gabansa.

Matsala ta biyu ita ce tsakuwar mafitsara. Dusa cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam ɗinta kaɗan ne, alhali jiki yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Idan ma'aunin ya karkace sai tsakuwa ta taru ta toshe hanyar fitsari, wadda a jikin rago siririya ce. Za ka gan shi yana miƙa, yana nishi, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko babu. Wannan ba ya jiran gobe. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam, su ne abokan tafiyar dusa. A ba shi ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da ɗan gishiri don ya sha da yawa, kanwa kuma kar a cika.

Wata biyu zuwa uku sun isa turke. Kuma gwaje-gwajen turke sun sha nuna cewa ragon da ya fi cin abinci mai tsada ba shi ne ya fi kawo riba ba. Kar a ba tumaki abincin kaji ko na wata dabba, domin sinadarin tagulla da ke ciki yana taruwa a hantarsu ya zama guba. A kuma tsince leda daga tsakar gida. Binciken da aka yi a mayankun arewa ya sha samun dunƙulen leda da igiya a tumbin tumakin gari, dabba tana ci tana ramewa, ba maganin da zai fitar sai tiyata.

Alluran ƙiba da ake sayarwa a kara fa?

Ka guje su. Irin su dekzametazon ruwa suke tara wa dabba, su raunana garkuwar jikinta, tunkiya mai tsohon ciki kuma su sa ta zubar. Sannan kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin yanka, an rubuta a jikin kwalba, wasu alluran har mako uku zuwa huɗu. Ragon da aka yi wa allura jajibirin Sallah, iyalinka ne da maƙwabta za su ci ragowar maganin a nama.

Me zan tanada don rani?

Busasshiyar ciyawa da karan dawa suna cika ciki amma sinadarin gina jiki ya ƙare a cikinsu. Ɗan harawa kaɗan a kai yana sa tumbi ya iya narka karan. Saboda haka ne masanan cibiyar binciken noma ta IITA da na ILRI suka yi aiki da manoma a Kano, har da yankin Bichi, kan irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare. A yanki harawa da sauran ganyenta kore, a busar a inuwa, a ɗora a rumfa, domin amfanin a ganye yake. Kyasuwa da gamba ma a yanke su kafin su tsufa. Kowar wake, ƙaiƙayi da ƙuliƙulin angurya duk abin tarawa ne tun da kaka, lokacin da suke da araha.

Sai gawo, itacen da ke fitar da ganye da 'ya'ya da rani, daidai lokacin da komai ya bushe. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe, har aka ƙiyasta fili mai faɗin hekta miliyan 5 ya farfaɗo, gawo kuma na cikin itatuwan da suka fi yawa. Abincin tumaki ne da ba a saya.

Ana kuma jiƙa kara ko bambaron shinkafa da ruwan takin yuriya, kilo 4 ga kilo 100 na bambaro, a rufe ruf da leda mako uku, a shanya kafin a bayar. Yana aiki, amma a fara koya a hannun malamin gona, don yuriya tsurarta guba ce. Gyauron dawa ma, wanda ya toho bayan girbi ko ya sha fari, yana da guba mai kashewa cikin ɗan lokaci.

Gaskiya ne yawon kiwo shi ke kashe ƙasa?

Binciken bai goyi bayan wannan magana yadda ake yaɗa ta ba. Wani dogon nazari da masanan Mali da na Holan suka yi, aka buga sakamakonsa a 1983, ya nuna makiyaya masu tafiya tsakanin arewa da kudu suna samar da abinci a kowace kadada fiye da killatattun gonakin kiwo na Amurka da Ostireliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. Dalili a fili yake: a Sahel ruwa ba ya sauka wuri ɗaya kowace shekara, ciyawar arewa kaɗan ce amma ta fi gina jiki, ta kudu tana da yawa amma ba ta kai ta ba. Mai tafiya yana cin moriyar duka biyun. Abin da ke cinye ƙasa shi ne dabbobi su dawwama a wuri ɗaya, kamar kewayen rijiya ko bakin gari. Arewacin Nijeriya ya yi dokar keɓe makiyaya tun 1965, Nijar kuma ta yi dokar da ta amince da 'yancin tafiyar makiyaya a 2010, amma burtali da yawa gonaki da gine-gine sun cinye su, kuma garken da aka toshe wa hanya dole ya tsaya inda bai kamata ba.

Ko mai ƙaramin fili zai iya aro wannan hikima. A tsibiran Fiji da kuma Malesiya an gwada raba makiyaya gida goma, dabbobi su yi kwana uku da rabi a kowane gida sannan su matsa, ba za su dawo ba sai bayan wata guda. Sun bar wurin kafin ƙwan tsutsa ya zama mai kamawa, kuma kafin su dawo zafi da laima sun kashe yawancin tsutsotsin. Buƙatar magani ta ragu ƙwarai. Idan ɗaure tumakinka kake yi da damina, ka riƙa cire turken duk kwana uku kana kafawa a sabon wuri, kar ka koma tsohon sai bayan mako biyar, kuma ka bari raɓa ta bushe kafin ka fito da su.